Fari, cika da ƙwanji: yadda waya ke saida muna jikin da babu mai shi

Duk sanda anka tada zancen yadda kafafen sada zumunta ke sa mutane su raina jikinsu, sai ka ga masu sharhi sun kwaso damuwar Turawa sun dire muna ita tsakar gida, wai 'yan mata na ƙin cin abinci don su rame su yi kama da masu tallar tufafi. Wannan gaskiya ne a can, kuma a nan ma akwai 'yan tsirarun da sunka fara, amma duk wanda ya zauna Sakkwato ya san ba nan gizo ke saƙar ba. Mu nan in mace ta je gidan suna anka ce mata kin rame, ba wanda ya yabe ta, tambaya anka yi mata, ko dai miji ba ya ciyarwa, ko kishiya ta sako ta gaba, ko akwai ciwon da ake ɓoyewa. Abin da ke cin mutanenmu shi ne fari da cikar jiki, sai kuma na maza da ba a son faɗa, ƙwanji da sanƙo da abin nan da masu mota da lasifika ke ihu a kanshi bakin tasha.

Kuma kafin a ɗora wa waya laifi duka, a tuna ta iske mu da abinmu. Kirarin nan na farar mace alkyabbar mata ya girmi Facebook nesa ba kusa ba, haka ma zancen samari na cewa fara ko mayya ce. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matar da ke cikin kulle gidan wadata, ba ta zuwa gona ba ta zuwa itace ba ta ɗaukar talla, dole fatarta ta fi haske bisa ga wadda rana ke duka tun hantsi, sai haske ya zama shaidar hutu, hutu kuwa shaidar arziki. Ga shi garin namu mahaɗa ce ta Fulani da Buzaye da Hausawa, gida ɗaya sai ka ga yara kala uku, kuma tun suna ƙanana suke jin wadda ake ce wa kyakkyawa da wadda ake ce wa ai ke babanki kinka biyo. Ƙiba ma haka. Jihar Sakkwato da dattawanta ba su manta farin 1973 ba, wadda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaranta 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, ba za ka iya gaya wa mutanenta rama ado ce ba. Da ƙanjamau ya shigo kuma sai rama ta koma abin zargi, mutum ya yi zazzaɓin sati biyu ya faɗa sai a fara kallonshi gefe-gefe. Mu ma da sauƙi, a Muritaniya akwai tsohuwar al'adar ɗura wa 'yan mata madarar raƙumi da gero na dole don su yi ƙiba kafin aure.

Sannan finafinan Indiya sunka zo sunka ɗora nasu, shekara da shekaru muna kallon jaruma fara tas, mugu ko ɗan aike shi ne mai duhu. Indiya ɗin kanta tana fama da wanga ciwo, man nan nasu Fair & Lovely tun 1975 ake saida shi da alkawarin fari, sai 2020 da surutu ya yi yawa kamfanin ya canza mishi suna zuwa Glow & Lovely. Finafinanmu na Hausa sunka kwaso salon, har ya zama abin barkwanci cewa yarinya kan shigo harkar da kala ɗaya bayan shekara biyu a gan ta da wata.

To mi waya ta ƙara? Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Leon Festinger, ya yi bayani tun 1954 cewa mutum ba shi da ma'aunin kanshi sai ta hanyar gwada kanshi da na kusa da shi. Da can yarinya a Mabera ko Runjin Sambo da wa take gwada kanta? Ɗiyan makwabta, 'yan ajinsu, sai 'yan biki. Kuma waɗannan ɗin tana ganinsu ranar kwalliya tana kuma ganinsu da safe sun fito ɗibar ruwa fuska duk barci, ta san gaskiyarsu. Yanzu kafin ta yi barci ta ga fuska ɗari biyu ko fiye, daga Kano, Abuja, Dubai, kowace an ɗauke ta a ranar da ta fi kyau, a kusurwar da ta fi kyau, cikin hoto talatin anka zaɓi ɗaya, anka kuma bi shi da filta. Ita kuwa kanta tana ganinshi a madubin ɗaki ƙarƙashin ƙwan sola, bayan ta wuni cikin zafin Afrilu mai wuce digiri 40. Gasar tun farko ba ta yi adalci ba, kuma ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa ta yi wanga lissafi, ji kawai take ta gaza.

Akwai wani bincike da nike ganin ya fi kowane kama da halinmu. Tsibirin Fiji mutanensa kamar mu suke, mace mai cika ita ce mace, a ce kin rame abin damuwa ne. A 1995 talabijin ta isa wani yanki nasu mai suna Nadroga, mafi yawan shirye-shiryen daga Amurka da Ingila da Ostireliya. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta yi wa 'yan matan makaranta tambayoyi a lokacin, babu ko ɗaya da ta ce tana ƙaƙaro amai don rage ƙiba. Da anka koma a 1998 sai ga kusan kashi 11 cikin 100 suna yi, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na cewa suna jin sun cika ƙiba. Shekara uku kacal, da tashar talabijin guda, ba waya ba TikTok. Abin da ya ja hankalina shi ne 'yan matan ba wai kyau kawai sunka hango ba, sun ga siraran matan nan su ne masu aiki masu mota masu kuɗi, sai sunka ɗauka jikin ne tikitin. Haka namu yake, wadda ke shafa man ƙara haske ba launin ne ya dame ta ba, abin da take ganin launin na jawowa ne, miji da lefe da a kula ka in ka shiga taro.

Su kansu masu manhajojin sun sani. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, jaridar Wall Street Journal ta buga, a ciki binciken kamfanin da kanshi ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da anka tambaya sun ce in suna jin ba daɗi game da jikinsu Instagram na ƙara musu. Masana har yanzu suna ja-in-ja kan girman illar, don ba kowa abin ke kamawa daidai ba, wata za ta kalla ta yi dariya ta wuce, wata kuwa da ma tana da miki sai a fama mata. Amma yadda injin ke aiki ba gardama a kai, yana auna daƙiƙa nawa ka tsaya kan kowane bidiyo, in ka tsaya kan na gyaran fata sau biyu gobe ya kawo maka goma, bai san ko sha'awa ta tsayar da kai ko takaici ba, kuma bai damu ya sani ba.

Filta kuwa ta kawo wani sabon abu da ko 'yan Fiji ba su gani ba, wato ka gwada kanka da kanka. Wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne tun daga kwali, ka ɗauki hoto ta share ƙuraje ta ƙara haske ta rage hanci ba ka tambaye ta ba. Ka tsaya kusa da mai hoto wajen kamu ko walima ka ji. An gama ɗauka yana nuna musu a bayan kyamara, ƙanwar amarya ta leƙo ta ce, "Malam don Allah ka ƙara haske, ka ga Anti ta hito baƙa." Ya ce, "Hajiya ai kalarta ke nan." Ta ce, "To mi munka biya ka?" Shi kuma ya san in bai yi ba gobe wani za a kira, sai ya zauna ya wanke kowa har uwar ango. Hoton nan shi za a sa a sitatus, shi dangin ango na Kaduna za su gani, shi wani saurayi zai gani ya ce a ba shi lambar ƙawar amarya ta gefen dama. Yanzu hoto ke riga mutum isa ko'ina, ranar da za a haɗu ido da ido kuwa yarinya ta san akwai tazara tsakaninta da hotonta, kuma ita za ta biya bashin tazarar. Nan ne mai haɗi ke jira.

Don abin da ya bambanta waya da talabijin shi ne madubi da kanti wuri ɗaya suke. Wadda ta nuna miki fuskarta tana sheƙi ita ce dai za ta ce ga abin da nike shafawa, ga lamba, a tura kuɗi a sa miki a motar Kano ko ta Legas. Mai faci ne da ke watsa ƙusoshi a titi. Hoton kafin da bayan da suke sawa, na farko an ɗauke shi a duhu ba murmushi, na biyu bakin taga da filta. Kuma ba wadda ke cewa bilicin take saidawa, kowa oganik ne, kowa na fiddo miki da kalarki ta asali ne, mai saye ma haka take cewa, ni ba fari nike so ba ɗan haske dai. In ka ga yadda ake haɗin sai jikinka ya yi sanyi, roba ce babba da cokali, a juye man shafawa na kanti, a matse tub huɗu biyar na maganin ƙaiƙayi, a tsiyaya wani ruwa daga 'yar kwalba marar rubutu, a juya a ɗura a robobi a manna takarda mai hoton fure. Ba awo, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC, ita kanta mai haɗin sau da yawa a waya ta koya.

Abin da ke cikin haɗin galibi uku ne. Akwai haidirokwinon, wanda ke toshe aikin da fata ke yi na samar da melanin, sinadarin da ke ba mu duhu. Likitocin fata na amfani da shi na ɗan lokaci don goge tabo, kuma dokar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan shafa ba, amma in anka daɗe ana labta shi sai ya juya, kumatu da goshi su yi wani baƙi-baƙi mai shuɗi wanda da wuya ya fita. Akwai sitiroyid irin su kulobetasol, su ne tub ɗin nan, maganin cutar fata ne mai ƙarfi da ya kamata a shafa wuri kaɗan na kwanaki, shi ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, kuma in ana shafe jiki duka da shi yana shiga jini ya taɓa suga da hawan jini. Sai zaiba, wadda ta fi su sharri don ba a ganin aikinta a fata, ƙoda take ci da jijiyoyi, tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, har wanda ke kwana kan zanen gado ɗaya da mai shafawa bai tsira ba. Melanin ɗin da ake yaƙa kuwa shi ne laimar da Allah ya yi muna, a gari irin Sakkwato da rana ba ta wasa, cire shi ganganci ne. Shi ya sa za ka ga mai shafawa ba ta iya tsayawa rana, fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu da gwiwa sun ƙi bin sauran jiki, yara na tsokana fuska Fanta ƙafa Coke.

Ana yawan kawo alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. A riƙa faɗinshi da hankali, asalinshi wani bincike ne da anka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas shekaru da dama baya, ba ƙidayar ƙasa duka ba ce, kar wani ya ɗauka mata 77 cikin 100 na Gwadabawa ko Tangaza ke shafawa. Amma ba sai da alƙalami mutum zai san abin ya yi yawa ba, a 2023 NAFDAC da kanta ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kuma ya gangaro kan yara, a 2025 BBC ta kawo rahoton wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida har fatarsu ta ƙone, dalilinta kuwa shi ne kakarsu ta fi nuna so ga jikokinta masu haske. Ka lura, ba TikTok ta ambata ba, cikin gida ne. Masu kuɗi kuma sun wuce shafawa sun koma allura da ƙarin ruwa na gulutatayon, abin da ba a tabbatar da amincinshi don wanga aiki ba.

Ɓangaren cika shi ya fi ban takaici saboda abin da ake nema ma ba ya samuwa. Da can in an ce mace ta cika, ko'ina ne, fuska da damtse da ciki, an ga hutu. Jikin da waya ke talla yanzu daban ne, sama cike, ƙasa cike, ciki kuwa a shafe kamar ba ta taɓa cin tuwo ba. Irin wanga jiki 'yan kaɗan ne Allah ke ba, sauran ko ciko ne, ko an ja hoton da manhaja har ƙofar da ke bayanta ta lanƙwashe, ko tiyatar nan da ake zuƙe kitsen ciki a mayar baya, wadda wani rahoton likitocin fiɗa na 2017 ya ƙiyasta tana kashe kusan mutum 1 cikin 3,000, shi ya sa anka yi ta canza yadda ake yinta. Yarinyar da ba ta da kuɗin ko ɗaya sai ta nufi kemis ta ce a ba ta sha-ka-fashe. Mafi yawa deksametason ne, ko a haɗa da saifuroheftadin, maganin mura da ƙaiƙayi da ke buɗe ciki ya sa barci. Deksa kuwa magani ne na gaske mai ceton rai a asibiti, amma ƙibar da yake kawowa ta cuta ce, ruwa yake tarawa, kitse ya taru a fuska da ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa su sirance, wato daidai kishiyar abin da ta je nema. Ga suga, ga hawan jini, ga ƙashi ya yi rauni, ga garkuwar jiki ta faɗi, al'ada ta rikice. Sati uku na farko kowa na cewa kin yi kyau kin murje, shi ke nan an kamu.

Wani wurin da abin ke shiga ba sallama shi ne gyaran amarya. Dilka da halawa da kurkum da lalle da turare ba su da laifi, kakanninmu sun yi, fata ke laushi ta yi sheƙi. Amma yanzu ana so cikin sati biyu amarya ta canza har 'yan unguwa su kasa gane ta, dilka kuwa ba ta wannan aikin, to mi kake zato ake ƙarawa a kwaɓin da kunun? Kuma uwa ce ke biya, gwaggo ce ke kai ta, suna cewa so kike a raina mu gidan miji. Watanni kaɗan bayan biki in kayan sunka ƙare ango ya fara ganin wata mata daban.

Mu maza kuma mu ne munka fi iya munafunci a zancen nan. A majalisa kowa cewa yake shi baƙa yake so mai kalarta ta Allah, kowa na zagin 'yan bilicin, amma ka karɓi wayarshi ka duba waɗanda yake bi da waɗanda yake danna wa laik. 'Yan mata ba wawaye ba ne, ba sa sauraren abin da muke faɗa, suna kallon wadda anka yi wa layi a ƙofar gida da wadda anka ƙaro ta biyu. Matar aure da ta haihu uku tana ganin mijinta kwance yana murmushi da waya, ba sai an yi mata fassara ba.

Sai dai yanzu wutar ta ci ta iso gemunmu. Da namiji ba ya da matsalar madubi, tumbi ma ado ne, in ya fito ana cewa Alhaji an samu, babbar riga ta rufe komai hula ta rufe sanƙo. Jikin ƙarfi da munka sani shi ne na 'yan kokawa da 'yan dambe da manoma, jiki mai aiki, wani ma da ɗan tumbinshi yake kada ƙato. Samarin yanzu kuwa abin da suke gani 'yan ƙwallon Turai ne sun cire riga da jaruman Indiya masu ciki layi-layi, ba wanda ya gaya musu cewa jarumin fim kan yi watanni yana shiri da masu horo da masu dafa mishi abinci, ya rage shan ruwa kafin ranar ɗauka, a shafa mai a saita fitila, bayan fim ɗin shi ma jikin ya tafi. A Amurka wani likita Harrison Pope da abokan aikinshi sun auna 'yan tsanan sojoji da ake yi wa yara maza, a 1999 sunka nuna damtsensu ya yi ta kumbura daga shekarun 1960 har ya kai girman da ko zakaran ɗaga ƙarfe ba shi da shi. Motsa jiki abu ne mai kyau, masu fita gudu da asuba wajen filin wasa na Giginya ba wanda ya isa ya zarge su. Matsalar tana farawa sanda yaro ya yi wata shida yana ɗaga ƙarfe da cikin da bai wuce gari da ƙuli ba, ya ga bai zama kamar na waya ba, wani ya raɗa mishi akwai allura. Sitiroyid na gina tsoka yana sa jiki ya daina samar da nashi sinadarin maza, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta yi wuya, nono ya fito, hanta da zuciya su wahala, ga saurin fushi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata lalura da mutum ke kallon madubi yana ganin kanshi ƙanƙani alhali ya cika ƙofa.

Maza masu shafa mai ma sun ƙaru, suna cewa na ƙuraje ne ko na aski. Ga man fito da gemu, ga masu tara kuɗin zuwa Turkiyya dashen gashi. Amma babbar kasuwar rashin yarda da kai ta maza ita ce ta maganin ƙarfi da ƙarin girma, wadda da ke bakin tasha da ranar kasuwa, yanzu ta koma waya inda ba kunyar a gan ka tsaye. Salon ɗaya ne da na mai haɗi, a fara gaya maka kana da matsala, a ɗora wa basir ko sanyi, a ce matarka haƙuri kawai take, sannan a ce ga kwalba. Bidiyoyin batsa da ke yawo a ɓoye sun ƙara ɓata ma'aunin, saurayi lafiyayye na ganin shi naƙasasshe ne. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, a ɓoye cikin kayan da anka ce na gargajiya ne zalla, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya jini na iya faɗuwa warwas. Kuma mace aƙalla tana da ƙawar da za ta gaya wa, namiji in ya buɗe baki a majalisa ya zama abin dariyar shekara, sai ya yi shiru ya tura kuɗi.

Malamai na ƙoƙari, ana jawo ayar Suratut Tin cewa an halicci mutum a mafi kyawun tsari, da ta Suratur Rum da ta sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, da hadisin cewa Allah ba ya duban surorinku sai zukatanku da ayyukanku. Duk wadda ke shafawa ta san waɗannan, wata ma ta haddace su a Islamiyya. Wa'azin yana zuwa kunnen yarinya ne kawai, ba a cika juyawa kan mai zaɓen mata da kala ba, ko kakar da ke ware jikoki, ko mai kemis da ke miƙa deksa ba takardar likita. Doka ma haka, Kodebuwa ta hana man bilicin a 2015, Ruwanda ta bi gidan kanti-kanti tana kwashewa daga ƙarshen 2018, amma muddin ana nema kaya na komawa ƙarƙashin tebur ne su ƙara tsada. Faransa tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla in an gyara surar mai tallar, Nowe ta bi sahu a 2022, to wa zai bi sitatus ɗin WhatsApp na mai haɗi a Arkilla ya ce ta rubuta? Ga iyakar Illela da Ƙonni nan kusa, kaya na shiga suna fita.

Waɗanda sunka fi ba ni tausayi su ne masu son dainawa, don ba a gaya musu gaskiyar abin da za su tarar. Wadda ta daɗe tana shafa haɗi mai sitiroyid in ta tsaya rana ɗaya fata kan yi bore, ƙaiƙayi da ja da ƙuraje, sannan duhu ya dawo har ya fi na da na wani lokaci, daidai lokacin da kowa zai fara tambaya ko lafiya, da yawa nan suke komawa. Mai shan deksa kuwa nata ya fi haɗari, jiki ya riga ya daina samar da nashi sinadarin, in ta yanke lokaci ɗaya tana iya faɗuwa jini ya yi ƙasa har a rasa ta, dole a riƙa ragewa sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Kuma a daina ɓoye wa ma'aikatan asibiti, musamman mai ciki ko wadda za a yi wa tiyata, don fatar da ta sha sitiroyid ba ta riƙe ɗinki yadda ya kamata, likita kuma in bai sani ba zai yi ta neman dalilin hawan jini da suga a wani wuri. In za a je, a tafi da robar haɗin ko kwalin maganin a hannu, ko da ba rubutu a jiki.